Ɗan kallo ko baƙo? Magana a kan hawan dutsen Asekrem

Hausa ba ta da rowar kalmomin tafiya. Wanda ya tashi da kaya don ya sayar, fatauci ya tafi. Wanda ya bar gida bayan girbi don ya rage wa rumbu baki, ci-rani ya tafi. Wanda aka matsa wa saboda addininsa ya yi hijira, wanda ya ɗauki allo ya bi malami ya tafi gabas. Kowace kalma tana gaya maka abin da ya fitar da mutum daga gida, tana kuma gaya maka abin da za a tambaye shi in ya dawo. Guda biyu nake so mu ajiye kusa da juna mu duba: ziyara da yawon buɗe ido.

Ziyara daga Larabci muka aro ta, ta daɗe a bakinmu har ta zama ƴar gida. Ba a yin ta sai da wanda za a je wa. Ka ziyarci mara lafiya, ka ziyarci malaminka, alhazai su yi ziyara a Madina. Ko maƙabarta ce, sai ka yi sallama kafin ka shiga. Yawon buɗe ido kuwa ba maganar kakanninmu ba ce, a rediyo muka fi jin ta. Ku dubi yadda aka gina ta: yawo, wato tafiyar da ba ta nufi kowa ba, sai ido, gaɓa ɗaya tak daga cikin jiki. Ba kunne, ba baki. Babu mai jiran ka can, babu kuma wanda za ka yi wa ban kwana.

To, ga tambayata. In aka gina wuri musamman don mutum ya kaɗaita da Ubangijinsa, ya dace wani ya je wurin da ido kaɗai? Ba fatawa nake nema ba, wannan aikin malamai ne. Maganar mutunci nake yi, irin wadda tsohuwa a gida za ta iya yanke wa hukunci ba tare da ta buɗe littafi ba.

Wurin da nake nufi sunansa Asekrem, wani faffaɗan kan dutse ne a tsakiyar duwatsun Ahaggar, a kudancin Aljeriya, kamar kilomita 80 daga Tamanrasat. Tsayinsa ya kai wajen mita 2700. Don ku kwatanta, Idukal-n-Tagas da ke kan Bagzan, wanda babu dutsen da ya fi shi tsawo a duk Nijar, mita 2022 ne. Mu ƴan Dallol Boso da abin da muke kira dutse bai wuce gaɓar dallol ɗin da ake hange daga Filinge ba, sai dai mu yi shiru. A can saman akwai wani ɗan gini na duwatsu da aka jera, da ɗakin ibada a ciki. A 1911 wani fadan Katolika Bafaranshe, Sharli de Fuko (Charles de Foucauld), ya tare a cikinsa. Tun 1955 kuma wasu ruhubanawa na ƙungiyar da ke bin tafarkinsa, Ƙananan Ƴan'uwan Yesu, suke zaune kusa da ginin, ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Ba babban gidan ruhubanawa ba ne irin na Santa Katrin da ke gindin Dutsen Sina'i a Masar, ko Dabra Damo na Habasha da sai an kama igiya ake hawa. Ɗan ƙaramin wurin halwa ne. Amma shi ne mafi kusa da mu, kuma hanyar zuwa can hanya ce da mutanenmu suka sani: Agadas, Arlit, Asamaka, In-Gezzam, Tamanrasat.

Yadda ake zuwan sananne ne. Mota kat-kat ta ɗauko mutane daga Tamanrasat, a sha gwagwarmaya da duwatsu na wasu awoyi, a kwana a masaukin da ke ƙasa. Kafin asuba a tashi, a ƙarasa hawan da ƙafa, a jeru ana rawar sanyi, kowa ya fuskanci gabas. Rana ta ɓullo ta bayan tsaunuka masu tsini, wayoyi su tashi sama gaba ɗaya kamar an ba da umurni. Wasu su leƙa ɗakin ibada, wasu ko leƙawa ba su yi. Kafin hantsi an sauko.

Kafin a yanke wa waɗannan mutane hukunci, ya kamata a san gidan wa suke tsaye a ƙofarsa.

An haifi Fuko a 1858 a Strasbur, ɗan manyan gida ne, ya yi soja, ya ɓarnatar da dukiyar gado a shagali. A 1883 zuwa 1884 ya zagaya Maroko a ɓoye, ya yi shigar malamin Yahudawa, yana auna hanyoyi yana zana taswira. Shi da kansa ya sha faɗa cewa ganin yadda Musulmi suka riƙe Allah a rayuwarsu ya girgiza shi. Ya koma ga addininsa na Kirista, ya shiga cikin ruhubanawa a 1890, ya zama fada a 1901, ya sauka Tamanrasat a 1905, lokacin garin bai wuce ƴan bukkoki ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi tare da Abzinawan Ahaggar. Abin da ya bari, wanda mu ɗaliban kimiyyar harshe ba mu da ikon kauce masa, shi ne ƙamus na Tamahak da Faransanci. An buga shi a 1951 da 1952, juzu'i huɗu, shafi sama da 2000, kuma hoton rubutun hannunsa aka ɗauka aka buga, da haruffan Tifinag da zanen sirdi da kayan tanti duk da alƙalaminsa. Ya kuma tattara waƙoƙin Abzinawa, baituka kusan 6000, ya kammala tsara su kwana uku kafin a kashe shi. Ya nemi kada a sa sunansa a kan aikin. Wanda ya taɓa zama yana rubuta maganar tsoho ɗaya ta minti goma ya san abin da shafi 2000 ke nufi.

Wani abin da masu hawa da yawa ba su sani ba: wata biyar kacal Fuko ya zauna Asekrem a jere, daga Yuli zuwa Disamba na 1911. Kuma ba gudun mutane ya kai shi can ba. Yana fatan ya kusanci makiyayan da ke yada zango a kwarurrukan tsaunukan, ya kuma samu natsuwar aikin ƙamus tare da Ba Hammu, magatakardan sarkin Ahaggar Musa ag Amastan, wanda shi ne babban mai ba shi kalmomi. Wato ɗakin da ake sayarwa yau da sunan shiru, ɗakin tambaya da amsa ne, mutum biyu suna gardama a kan ma'anar kalma tun safe har dare.

Akwai kuma ɗaya fuskar, kuma ita ta fi taɓa mu. Fuko bai shiga Ahaggar shi kaɗai da sandarsa ba. Bayan Faransawa sun karya Abzinawan Ahaggar a yaƙin Tit na 1902 ne hanya ta buɗe masa, kuma tsohon abokinsa na soja, Laperin, shi ya jawo shi kudu. Yana rubuta wa hafsoshi wasiƙu yana ba su labarin ƙasa da shawara. Ya yarda har zuciyarsa cewa mulkin Faransa alheri ne ga mutanen Sahara. Ginin ƙasa mai kama da ganuwa da ya yi a Tamanrasat, akwai bindigogi a ciki ranar da mahara suka zo, 1 ga Disamba 1916, wani matashi da aka sa gadinsa ya harbe shi. Wannan shekara ta 1916 ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Ita ce shekarar da Fihirun, sarkin Iwillimmidan, ya tsere daga kurkukun Gawo ya ɗaga tuta. A Afrilu mayaƙansa suka kawo hari Filinge, a Mayu aka karya shi a Andarambukan, kuma mutanen Ahaggar da ke bayan Faransawa ne suka kashe shi. A Disamba ɗin da Fuko ya mutu, Kawsan ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya, da suka karɓe garin a Maris 1917 kuma suka yi kisan ramuwa wanda har malamai bai bari ba. Labari ɗaya ne, daga Ahaggar har Kurfai. A 2022 Fafaroma Faransis ya sanya Fuko cikin waliyyan cocin Katolika.

Wannan shi ne mai gidan. Yanzu sai masu hawa, kuma a nan ina da shaida a gida.

Yayana ya shekara biyar yana ci-rani a Tamanrasat. Ya yi leburanci, ya yi gadin lambu, yanzu yana bin motar wani mai kai ƴan yawon buɗe ido cikin duwatsu. Shi ke ɗaukar katifu da tukunyar gas, shi ke wanke kwanoni, shi ke hura wutar shayi. Ya hau Asekrem ya fi sau ashirin. Da na tambaye shi yadda wurin yake, dariya ya yi. Ya ce: “Mi ke can? Sanyi da duwatsu. Su suna kallon rana, ni ina kallon buta, kar iska ta kashe min wuta.” Na ce, to shirun fa, Yaya, da kowa ke yabo? Sai muryarsa ta sauya. Ya ce: “Kai ɗan lakwal, shirun nan na ji shi tun ban zo ƙasar ga ba. Randa motarmu ta lalace tsakanin Arlit da Asamaka, kwana biyu munka yi, ko tsuntsu babu. Ban son in ƙara jin shi.”

Maganar nan ta fi duk abin da na karanta a kan Asekrem nauyi. Hamada ɗaya ce, shiru ɗaya ne, amma wani kuɗi ya biya don ya ji shi, wani kuwa addu'a yake yi Allah ya raba shi da shi. A Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, a kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Har yanzu waɗanda aka koro daga Aljeriya, akwai da yawa da ake saukewa a wurin da ake kira “point zéro”, su tako wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso Asamaka. Kaɗaicin da mutum ya zaɓa da kaɗaicin da aka jefa shi ciki, suna ɗaya ne kawai ya haɗa su. Mai halwa yana da mabuɗin ɗakinsa a aljihu. Ɗan yawon buɗe ido yana da direba na jiran sa a ƙasa. Wanda motarsa ta mutu a Tenere ba shi da ko ɗaya.

Daga nan abu ne mai sauƙi mutum ya ce, ashe hawan Asekrem rashin kunya ne, wasan masu ƙoshi ne, a daina. Ban yarda da wannan ba, kuma dalilina ba na falsafa ba ne: kuɗin da Yaya ke aikowa gida lokacin da rumbu ya yi ƙasa, daga butar shayin nan suke fitowa. A 2003, da aka sace Turawa ƴan yawon buɗe ido 32 a Saharar Aljeriya, ba ƴan kallo ne suka kwana da yunwa ba, sun dai canza ƙasa. Direbobi da ƴan jagora da masu raƙuma ne suka ji a jikinsu. Haka ta faru a Agadas bayan tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010: maƙeran azurfa da masu masauki suka zauna hannu rabbana. Ɗalibin da ke jiran bursu a Yamai, in ya tashi yana haramta wa mutane tafiyar da ke ciyar da gidansu, tsarkin nasa na araha ne.

Wani abokina a ɗakunan kwanan jami'a ya kawo ta wata fuska. Ya ce: “Musulmi mi zai je yi gidan mompera? Ko kyauta anka ce in hau, ban hawa.” Ban raina damuwarsa ba, amma ina ganin ya haɗa ziyara da mubaya'a. Alƙur'ani ya ambaci ruhubanawa ba sau ɗaya ba. A Suratul Ma'ida an ambace su da rashin girman kai, a Suratul Hadid an ce ruhubananci su suka ƙirƙiro shi, kuma ba su riƙe shi yadda ya kamata ba. Yabo da gyara duk suna nan, kuma duk biyun magana ce ta wanda ya san mutanen. Littattafan sira sun kawo labarin Bahira, rahibin da ayarin Abu Ɗalib ya sauka kusa da ɗakinsa a Busra. A cikin katangar Santa Katrin akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyyawa. Mu ma a nan, maƙwabcinka Kirista yana zuwa sunan ɗanka, kana zuwa gaisuwar mutuwarsu, ba wanda ya bar addininsa a ƙofa. Sannan hawa dutse don kaɗaita da Allah ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duwatsun Abzin sun ga masu halwa tun zamanin Sidi Mahmud al-Bagdadi, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Fuko. Kafin su duka kuma akwai Kogon Hira.

Hira ɗin ma ya kamata mu tsaya a kansa, don kada mu ɗauka cutar kallo ta Turawa ce kaɗai. Hawan Dutsen Nur ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, amma mutane na hawa dubbai. Ku duba hotunan da alhazanmu ke turowa: cunkoso a bakin kogo, kowa na ture kowa, ɗaya ya ɗaga hannu kamar yana addu'a, ɗaya na ce masa ya ɗan juyo fuskar ta fito. Wurin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zaɓa saboda babu kowa, yau samun minti ɗaya na natsuwa a cikinsa sai mai rabo. Ba ina tuhumar niyyar kowa ba. Ina dai cewa waya a hannu tana iya mayar da mai ziyara ɗan kallo ko a wurin da ya fi ƙauna a duniya.

Akwai kuma ƴan'uwanmu masu zafin kishin ƙasa, waɗanda a wurinsu Asekrem gidan ɗan leƙen asirin mulkin mallaka ne, magana ta ƙare. Na fi kusa da su fiye da masu ganin waliyyi kaɗai, don ni Filinge ta 1916 ba labarin littafi ba ce kawai. Amma na lura da wani abu: wanda ya hau ya ga waliyyi tsantsa, da wanda ya ƙi hawa don ɗan leƙen asiri tsantsa yake gani, aiki ɗaya suke yi. Kowannensu ya ɗauki hoto ɗaya ya rufe waya. Mutumin da ya rubuta wa hafsoshi rahoto shi ne dai ya adana waƙoƙin Dasin da na sauran mawaƙan Ahaggar, da hannu ɗaya, watakila a kan tebur ɗaya. Ba a raba shi biyu don ya yi mana daɗin haɗiya. Baƙo ba dole ne ya yabi mai gida ba. Akwai gidajen da muke shiga mu yi gaisuwa alhali mun san abin da kakansu ya yi wa kakanmu. Amma baƙo ya san gidan wa ya shiga, ɗan kallo kuwa bango kawai yake gani.

To mene ne ainihin bambancin? Na daɗe ina juya shi, ga inda na tsaya. Ba a niyya yake ba, don niyya ba a ganin ta daga gindin dutse, kuma tana canzawa a hanya. Fuko kansa da ido kaɗai ya shiga Maroko, idon ma na mai leƙen asiri, ya fito da abin da bai je nema ba. Ba a addini yake ba, ba a launin fata ba, ba kuma a daɗewa ba. Bambancin a bashi yake.

Yawon buɗe ido an tsara shi ne yadda ba za ka sauko da bashin kowa ba. Mota, ka biya. Katifa, ka biya. Shayi, yana cikin kuɗin. Ko murmushin ɗan jagora an lissafa shi. Kuɗi suna kashe bashi nan take, shi ya sa suke da daɗi, shi ya sa kuma ba su haifar da zumunci. Ziyara kuwa bashi take buɗewa ta bar shi a buɗe. An ba ka ruwa ba ka biya ba. An tambaye ka mutanen gida, dole ka amsa. An ba ka saƙon gaisuwa, dole ka kai. Watarana kuma mai gidan ko ɗansa zai tsaya a ƙofarka. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake, ƙafar da ke zuwa tana dawowa suke nufi.

Rayuwar Fuko a Ahaggar tana da rana ɗaya da ta nuna wannan sarai. A farkon 1908, ana cikin fari mai tsanani, ya kwanta ciwo har ya sallama. Abzinawan da ya zo yana ganin shi zai taimaka wa, su suka bi zango-zango suna tatso ɗan nonon da ya rage a jikin awaki suna kawo masa, har ya tashi. Kafin wannan shi ne mai bayarwa, mai magani, mai allura da zare, mai tambayar kalma yana rubutawa. A ranar ya zama mai karɓar abin da ba zai iya biya ba. In akwai lokacin da ya tashi daga ɗan kallo ya zama baƙo, ni a nan nake sa shi. Bai wanke shi daga wasiƙun da ya rubuta wa sojoji ba. Ya dai sa akwai mutanen da ke da ikon su ce da shi: mun shayar da kai.

Yaya ya ba ni labarin wani abu da ke faruwa can sama wanda ya dace da wannan. Ruhubanawan sukan fito su gaisa da masu hawa, wani lokaci su ba su shayi. Ya ce nan ne ake gane mutane. Wani ya karɓa ya zauna, a tambaye shi daga ina, ya tambaya su ma yaya ruwa, yaya sanyin bana. Wani kuwa sai ya rikice, ya hau laluben aljihu, don an ba shi abin da ba ya cikin lissafi. Wani ma hoton tsohon zai ɗauka da kofin a hannu, ba tare da ya ce masa sannu ba. Mutanen nan ba su rufe ƙofarsu ba, karɓar baƙi yana cikin ibadarsu, don haka ba za a ce zuwa kansa ne laifi ba. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne a mayar da su wani ɓangare na dutsen.

Kuma ba su kaɗai ake mayarwa dutse ba. Wanda ya hau ya sauko bai san sunan direbansa ba, bai tambayi yaron da ya ɗauko masa bargo daga wace ƙasa yake ba, ya yi kallon mutum uku ko huɗu a hanya kafin ya kai ga kallon rana. Ina ganin ziyarar Asekrem tun daga gindin mota take farawa ko take lalacewa. In kai ɗan Nijar ne ma abin ya fi nauyi, don akwai yiwuwar mai wanke maka kwano ɗan garinku ne, yana jin Hausarka, yana jira ya ga ko za ka nuna ka san shi.

Ni in Allah ya ba ni hali zan hau, kuma bashin da zan je da shi na harshe ne. Imanan ƙasar Abzinawa ce da suka zauna a Dallol Boso suka kama noma, har wani mai bincike, Henri Guillaume, ya sa wa littafinsa na 1974 a kanmu suna Les nomades interrompus, makiyayan da tafiyarsu ta katse. Harshen ma haka ya katse a gidaje da yawa. A gidanmu kakata na jin Tamajak, babana na tsintar kaɗan, ni Zabarmanci da Hausa na tashi da su, Faransanci ya zo ya hau kai. A aji aka koya mini cewa abin da mutanen Ahaggar ke furtawa da “h”, na wajenmu da “j” suke faɗar sa, na wajen Tumbutu da “sh”: Tamahak, Tamajak, Tamashak. Wato in ina so in koma ga harshen kakata da alƙalami, ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da zan bi ita ce ƙamus ɗin da wani tsohon sojan Faransa ya rubuta, wani ɓangarensa a ɗakin nan na kan dutse. Abin ba daɗin faɗa, amma haka yake. Sunansa ne a bangon littafin. Ba Hammu kuwa, da matan da suka rera masa waƙoƙi ana biyan su ƴan kuɗi, da makiyayan da suka gaya masa sunan kowace rijiya da kowane kwari, sai mai tono ke haɗuwa da su. Har ƙamus na sunayen wurare da na mutane ya bari, an buga shi a 1940. Duk tsaunin da ake ɗauka hoto da asuba yana da suna, kuma wani ne ya faɗa wa Fuko sunan.

Yaya ya ce akwai wani tsohon ɗan jagora Ba'abzine da suke yawan haɗuwa da shi can sama. In kowa ya fuskanci gabas, shi gefe yake komawa ya zauna ya ja rawaninsa. Wanda ya tambaye shi, zai nuna masa tsaunukan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Masu tambaya ba su da yawa. Yaya ya riƙe uku: Tahat, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Aljeriya, da Ilaman, da Tizuyag. Na roƙe shi in sun sake haɗuwa ya ɗauko mini muryar tsohon a waya yana jero su, don in ji yadda yake furta su in kwatanta da rubutun ƙamus. Ya ce sai ya nemi izini tukuna, kuma tsohon ba zai yi magana cikin waya ba sai ya san ɗan wa ke tambaya, daga wace ƙasa. Na ce ya gaya masa ƙanensa ne, ɗan Imanan, wajen Bonkuku.

Bayan sati uku saƙo ya shigo ta WhatsApp. Kafin sunayen, tsohon ya aiko da tambaya: mutanen Imanan har yanzu suna jin Tamajak? Yaya ya ba shi amsa da abin da ya sani, ya ce a gidanmu tsofaffi na ji, yara kuwa Zabarmanci da Hausa. A cikin saƙon ana jin iska na bugun waya, tsohon ya ɗan yi shiru, ya ce a gaida kakarmu, sannan ya fara da Tahat.